Takobin Hannu Biyu Da Nauyin Da Aka Ɗora Masa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi gyara a kan wata magana, in kuma ba da labarin abin da ya same ni, ko Allah zai sa wani ya tsira da kuɗinsa da lafiyarsa.

Kwanakin baya ƙanena ya turo mini hoton shafinku na tarihi ta WhatsApp, inda aka yi bayanin mayaƙan Turai na zamanin da. Na ji daɗin rubutun, amma akwai inda aka ce takobin da suke riƙewa da hannu biyu yakan kai kilo 20, wai sai ƙato ne ke iya ɗaga shi. Malam Edita, ba haka abin yake ba. Kilo 20 fa shi ne nauyin jarka mai lita 20 cike da ruwa. Duk wanda ya taɓa sauke jarka daga kurar ɗan garuwa ya san ba abin da za a yi sara da shi ba ne, balle a wuni ana yi a fagen fama.

Ni ɗan gidan maƙera ne daga cikin birnin Kano. Na tashi ina zuga wa kakana wuta, ina miƙa masa awartaki. Ban gaji ƙira yadda ya so ba, walda na koya da aikin injin yankan ƙarfe, kuma wannan sana'ar ce ta kawo ni Jamus. Shekara 14 ke nan ina zaune a Wuppertal, wadda ta yi iyaka da Solingen, garin da duniya ta sani da ƙera wuƙaƙe da takubba. Shekara 6 da suka wuce na shiga wata ƙungiya ta masu koyon wasan takobi irin na da, wato ana ɗauko littattafan da gwanayen takobi suka bari tun ɗaruruwan shekaru, ana bin zanen da bayanin ana gwadawa, da hular kariya da rigar kariya da takobi mara kaifi. Saboda haka abin da zan faɗa, na riƙe shi da hannuna, wani kuma na ɗora shi a kan sikeli.

Doguwar takobin da aka fi yaƙi da ita a Turai daga ƙarni na 14 zuwa na 16, wadda mariƙinta ke ɗaukar hannu biyu, yawanci tana tsakanin kilo 1 da 'yan kai zuwa ƙasa da kilo 2. Manyan kuwa, waɗanda Jamusawa ke kira Zweihänder, masu kai wa mutum haɓa ko su wuce, na yaƙinsu suna tsakanin kilo 2 zuwa 4. A Sikotilan, a hasumiyar tunawa da William Wallace da ke kusa da garin Stirling, akwai takobin da ake jingina wa wannan jarumi da aka kashe a 1305. Tsawonsa santimita 163, nauyinsa kilo 2.7 kacal. Mafi girman da aka fi ambata shi ne na gidan tarihin Leeuwarden a Holan, wanda ake dangantawa da wani mayaƙi mai suna Grutte Pier da ya rasu a 1520: tsawo santimita 213, nauyi kilo 6.6. Shi ma ɗin masana suna ganin irin wanda ake ɗauka ne a gaban shugaba ranar biki don kwarjini, ba na sara ba. Ka ga ko wannan bai kai sulusin kilo 20 ba.

To daga ina wannan zance na nauyi ya samo asali? A ganina daga wuri biyu ne. Na farko, takubban biki su suka fi tsira har yau, domin na yaƙi sun karye sun ƙare, su kuwa waɗannan suna jingine a fada babu mai taɓa su. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, kwaikwayon banza da ya cika kasuwa. Mutum ya sayi sandar ƙarfe mai siffar takobi, ya ɗaga ya ji hannunsa na rawa, sai ya ce ashe haka mutanen da suke.

Ni ma irinsa na fara saya. Na gan shi a intanet, yana walƙiya kamar madubi, mariƙinsa da zanen zaki, tsawonsa ya kusa mita ɗaya da rabi, kuɗinsa Yuro 90. A lokacin ban shiga ƙungiya ba, ban san kowa da zan tambaya ba. Ya zo na rataye a falo, duk baƙon da ya shigo sai ya yaba. Wata Asabar da yamma na fita da shi bayan gida, na ɗora gorar ruwa ta roba a kan kututture, na ce bari in gwada. Na ɗaga, na kawo sara. Ban ma kai ga gorar ba na ji hannuna ya yi sakayau. Mariƙin yana hannuna, ruwan takobin kuwa ya fice ya yi sama yana juyawa, ya je ya caki katangar katako, daidai inda 'yata ƙarama take ajiye kekenta. Mintuna kaɗan kafin nan tana wurin tana wasa, uwarta ta kira ta ciki cin abinci. Na daɗe a tsaye ina maimaita innalillahi, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Washegari na tafi da mariƙin wurin aiki na tsaga shi. Abin da na gani har yau yana ba ni haushi. A takobin ƙwarai, ƙarfen ruwan shi ne ke ci gaba ya zama wutsiya mai faɗi, ta ratsa cikin mariƙi ta fito ta gindi. A wannan kuwa ruwan ya ƙare ne daidai bakin makarin hannu, wato ƙarfen da ke gicciye tsakanin ruwa da mariƙi, sai aka kawo wani siririn rodi mai kaurin fensir, milimita 6, aka ɗiga masa walda sau biyu aka manna. Na duba wurin da ya karye da gilashin ƙara girma: cikin waldar duk ramuka ne baƙi-baƙi, ko kama ƙarfen ba ta yi ba. Yaron da ya yi wata uku a shagon walda a Kano, idan ya yi wa ƙofar gida irin wannan aiki, maigidansa zai sa ya sake. A kan wannan ɗigon aka ɗora ƙarfe mai kaifi na fiye da mita ɗaya, aka sayar wa mutane. Kyan ɗan maciji ke nan.

Daga ranar na ɗauri aniyar ba zan sake sayen takobi ba sai na san abin da kakana zai duba da shi aka miƙa wa.

Abu na farko shi ne wutsiyar nan. A tambayi mai sayarwa hotonta tsirara, kafin a sa mariƙi. Idan ya ƙi, an gama magana. Ta zama jiki ɗaya da ruwan, kafaɗunta kuma, inda take haɗuwa da faɗin takobi, su zama a lanƙwashe, domin kusurwa mai kaifi nan tsaga ke farawa. A gindi, yadda mutanen da suka yi shi ne a zura wutsiyar ta cikin dunƙulen ƙarfen da ke ƙarshen mariƙi, a doddoke kanta da guduma har ta baje ta riƙe komai. Yanzu wasu na ɗaurewa da noti. Ba na cewa duk mai noti mugu ne, akwai masu kyau, amma noti yana kwancewa, kuma ni idan na ce ina son kwaikwayon abin ƙarni na 14, ba na son in juya gindinsa in ga aikin bakanike.

Sai ƙarfen kansa. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana da kyau a wuƙar kicin, amma a dogon takobi yana da saurin karyewa, ba ya jure lanƙwasa da duka. Abin da ake so shi ne ƙarfen sifirin. A Amurka suna kiran ire-irensa 5160 da 6150, a nan Jamus muna da 51CrV4. Wannan ba baƙon abu ba ne ga maƙeranmu, domin shi ne dai tsohon sifirin ɗin mota da suke nema wurin 'yan gwangwan su ƙera adda da wuƙa da gatari. Sun san dalili tun kafin a sa masa lamba. Idan an gasa shi an tsoma a mai, aka sake ɗumama shi yadda ya kamata, sai ka lanƙwasa takobin ka saki ya koma ya miƙe sak. Yana tsatsa, gaskiya ne, sai an riƙa shafa masa mai. Kakana man kaɗe yake shafa wa nasa.

Amma abin da ya fi komai, wanda hoto ba ya nunawa, shi ne yadda kaurin ruwan yake raguwa. Juya takobin ƙwarai ka kalle shi ta gefen kaifi. Za ka ga a kusa da hannu yana da kauri, wajen milimita 6 zuwa 8, sai ya riƙa sirancewa a hankali har ya kai milimita 2 ko 3 kusa da baki. Wannan shi ne sirrin. Nauyin yana taruwa kusa da hannu, bakin ya zama sakayau, takobin ya riƙa bin niyyarka. Masu aikin araha kuwa faranti suke samu mai kauri ɗaya, su yanko siffar takobi, su wasa gefe, shi ke nan. Takubba biyu za su iya yin nauyi ɗaya a sikeli, ɗaya ya zama kamar reshe a hannu, ɗaya kamar taɓarya. Ranar farko da malaminmu na ƙungiya ya miƙo mini nasa, na shirya damtse don in karɓi nauyi, sai na ji ba komai. Na ɗora shi a kan yatsa, ya daidaita a tazarar da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba daga makarin hannu. A nan na fahimci zanen littafin Joachim Meyer na 1570 da muke bi, inda sara ke juyewa ya zama kariya, kariya ta juye ta zama suka, cikin ƙiftawar ido. Da taɓarya ba za a yi wannan ba. Haka kwarmin nan da ke bin tsakiyar ruwa, wanda ake cewa wai hanyar jini ce. Ba ruwansa da jini. Rage nauyi yake yi ba tare da ya raunana takobin ba.

Bayan na san wannan sai aka zo kan zaɓi, kuma a nan ne ra'ayi ke shigowa, kowa da abin da zuciyarsa ke so. Na yi shekara biyu ina tara kuɗi ina jujjuya abu uku.

Na fara da Zweihänder, tunda a ƙasarsa nake. Takobin sojojin haya ne da ake kira Landsknecht a ƙarni na 16, waɗanda wasunsu ake biyan su albashi ninki biyu saboda su ke tsayawa a sahun gaba. Yana da wasu ƙugiyoyi biyu a jikin ruwan, ɗan nesa da makarin hannu, kuma tsakanin ƙugiyoyin da makarin babu kaifi, sau da yawa a naɗe da fata, don mutum ya iya kai hannu can ya riƙe ya yi suka kamar da mashi. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Abin da ya raba ni da shi, yawancin kwaikwayon da na gani na biki suke kwaikwaya, masu ruwa mai lanƙwasa kamar harshen wuta, da makarin hannu mai naɗe-naɗe, da tuntaye. Suna da kyan kallo, amma ni takobin da aka yi don a kalla ya riga ya fita raina tun ranar Asabar ɗin nan. Ƙari kuma rufin ɗakina mita biyu da rabi ne, maman yara ta ce in dai ya shigo to sai dai ya kwana a gareji.

Na biyu shi ne na tsaunukan Sikotilan, wanda ake kira claymore. Tsawonsa wajen santimita 140, nauyi wajen kilo biyu da rabi. Hannuwan makarinsa sun karkata zuwa wajen ruwa, kowanne ya ƙare da 'yan zobba huɗu a haɗe kamar fure. Ina son wannan siffa har zuciyata, ba ta da tarkace, kuma daga nesa ka san ko na wane ne. Sai dai kasuwarsa ta cika da waɗanda aka kwaikwayo daga fim, ana sayar da su da sunan Wallace, alhali irin wannan mariƙi ya zo ne shekaru masu yawa bayan mutuwarsa. Ko wanda ke Stirling ɗin ma, akwai rubutun da ya nuna a 1505 Sarki James na Huɗu ya biya kuɗi aka sake masa mariƙi da kube. Wanda zai sayi claymore ya nemi wanda maƙerinsa zai iya gaya masa takobin da ya auna, da gidan tarihin da yake ciki.

Na uku shi na ɗauka. Wani Bature ɗan Ingila, Ewart Oakeshott, wanda ya rasu a 2002, ya kasa takubban Turai na tsakiyar zamani gida-gida bisa siffar ruwansu, ya ba su lamba daga X zuwa XXII, kuma har yau da lambobinsa ake ciniki. Nawa shi ne XIIIa, babban takobin yaƙi na wajen ƙarni na 13 zuwa na 14. Ruwansa faffaɗa ne, gefunansa biyu sun tafi kusan a jere ba su tsuke ba, bakinsa a zagaye, kwarmi ya tsaya wajen rabi, makarin hannu miƙaƙƙiyar sanda ce kawai, dunƙulen gindi kamar faifai. Takobin sara ne, na zamanin da mayaƙi ke sanye da sulke na zobba. Da aka koma rufe jiki da farantan ƙarfe sai sara ya rage amfani, maƙera suka koma yin siraran takubba masu tauri da tsini kamar basilla, irin su XVa, don neman kafa a hammata da gaɓoɓi.

Abokina na ƙungiya, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, bai yarda da zaɓina ba, kuma har yanzu muna wannan musu a kan shayi. Shi a wurinsa sirirai na ƙarni na 15 su ne ƙarshen gwaninta, nawa kuwa bai ma cika takobin hannu biyu ba tunda ana iya sarrafa shi da hannu ɗaya a kan doki. Yana da hujja, ban musa ba. Siririn ya fi sauri, ya fi dacewa da darasin da muke yi. Amma ni akwai abin da na gani a XIIIa wanda shi ba zai gani ba. Ranar da na fara ganin irinsa a bayan gilashi, takobin kakana ne ya faɗo mini, wanda yake rataye da hamila a bangon zaure: miƙaƙƙe, faffaɗa, baki a zagaye, makari a gicciye. Nasa na hannu ɗaya ne, amma ka ce wa da ƙane ne.

Wannan kamanni ya sa na je gidan tarihin wuƙaƙe da takubba na Solingen, a unguwar Gräfrath, na kuma shiga karatu. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma rubuta cewa ruwan takubban da ake sayarwa a kasuwar yawancinsu daga Solingen ake kawo su ta hamada, a Kano ake sa musu mariƙi da kube. Malam Edita, na yi shekaru ina wucewa ta garin nan a mota ban san cewa ƙarfensa ya riga ni zuwa unguwarmu ba. A jikin takobin kakana akwai tambarin jinjirin wata guda biyu masu fuska. Irin wannan tambari, da na kerkeci mai gudu wanda asalinsa na maƙeran Passau ne kafin na Solingen su ɗauka, maƙeran ƙasashenmu sun riƙa buga su a kan takubban da suka ƙera da hannunsu. Wato kwaikwayo tsohon abu ne a wannan sana'a, kuma ba abin kunya ba ne. Amma su da suka kwaikwayi tambari, sun yi takobin da mutum zai hau doki da shi ya dogara da shi.

Wani maƙeri na ba aikin, mutum ɗaya da yaronsa a wani ƙaramin gari. Kafin in biya kafin alƙalami na yi masa tambayoyi har na ji nauyinsa, shi kuwa bai gaji ba, ya turo mini hoton wutsiya, da awon kauri a wuri biyar, da sunan takobin da ya auna. Na jira wata 11. Kuɗinsa ya ninka na farkon fiye da sau goma, araha dai ba ta ado. Da ya iso na kai shi wurin aiki na auna da kaina: tsawo santimita 122, nauyi kilo 1.65, kauri milimita 6 kusa da hannu, biyu da rabi kusa da baki. Mariƙin katako ne da aka naɗe da zare aka rufe da jar fata, sai ya tuna mini aikin dukawanmu. Ba zane, ba zaki, ba walƙiya. Idan ka duba da kyau ma za ka ga hannun makarin na dama ya ɗan fi na hagu tsawo, kamar yadda ake gani a na gidan tarihi, domin hannu ne ya yi. A cikin jaka mai kwaɗo nake fita da shi, kamar yadda dokar nan ta tanada, a gida kuma yana kulle inda yara ba sa kaiwa.

Abin da ya ƙara sa ni rubuto wannan wasiƙa shi ne, ƙanen nawa ya ce samari a gida sun fara yin odar irin waɗannan masu walƙiya, wasu don ado a falo, wasu don hoton biki, wasu har don hawan Sallah. Wanda zai rataye a bango ya bar shi a bango, kada ya zare shi cikin taro, kada ya kaɗa shi a kan doki a tsakiyar jama'a. Ɗigon waldar nan ba ya sallama kafin ya saki.

Ina kuma da roƙo gare ka. A fadojinmu da gidajen sarauta da Gidan Makama akwai tsofaffin takubba, haka a Katsina da Zazzau da Damagaram da Agadas. Ka tura wakilinka, da izinin masu su, ya tafi da sikeli da tef da ma'aunin kauri, ya ɗauki hoton tambarin da ke jikinsu, ku buga mana awon a wannan shafi na tarihi. Maƙeranmu na yau suna da hannu, awon ne ba a ajiye musu ba. Na kakana yana hannun baffana, na riga na aika masa da ma'aunin kauri ta hannun wani mai tafiya gida, in awon ya iso zan turo muku shi ya zama na farko.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan maƙeran Kano,
daga Wuppertal, Jamus.